Wa ya taɓa zuwa irin wannan formasiyo? Ni dai na dawo jikina a sanyaye

Ungozomar Yelwa: Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da zafi, Garwa dai wannan watan sai addu'a. Ina da magana amma doguwa ce ku yi haƙuri. Satin da ya wuce an tura mu wani formasiyo, wato horo, na kwana uku, mu masu duba mata da masu ba da shawara kan zaman aure da ciwon sanyi, ni na ɗauka irin wanda muka saba ne a haska mana allo a yi ta karanto sunan magani mu sa hannu mu karɓi perdiyem, kuɗin zama, mu watse, ashe ba haka ba ne, ko sunan magani ɗaya ba a kira ba. Ranar farko matar da ke jagoranta ta ja layi da alli a ƙasa ta ce mu tsaya gefe guda, in ta faɗi magana wanda abin ya shafa ya tsallaka, ba mai tambayarka dalili. Ta ce wanda ya tashi a gidan da ba a taɓa yi masa zancen balaga ba ya tsallaka, kusan duk muka tsallaka muna dariya. Ta ce wanda ya taɓa jin nauyin tambayar majinyaci yadda shimfiɗarsa take, muka tsallaka. Sai ta ce wanda ya taɓa yi wa majinyaci dariya ko tsaki ko ya haɗa ido da abokin aiki saboda abin da ya faɗa. Nan dariya ta ɗauke, wlh ƙafata ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse.

Abin da na tuna shi ne wata dattijuwa da ta zo min shekarun baya, za ta haura sittin, mijinta ya rasu ta sake aure, ta zauna tana ta murza bakin mayafi can ta ce 'yata in maigida ya kusance ni sai in ga jini. Ni kuma bakina bai da linzami na ce kai Inna, har yanzu ana yi? Da wasa na faɗa, har ƙawata da ke rubuta karne, katin majinyaci, ta ƙyalƙyale. Tsohuwar nan ta yi murmushi ta ce a'a dama bayana ne ke ciwo, na rubuta mata parasetamol ta tafi. Da aka dawo da ita bayan watanni a kwance aka kawo ta, sankarar bakin mahaifa ce ta ci ta cinye, aka ce sai kudu, su kuma ba su da halin kai ta Yawunde. Na sani tun a makaranta jini bayan saduwa ga macen da haila ta ɗauke mata alama ce da ba a wasa da ita, ilimin yana kaina, abin da ya hana ni aiki da shi kawai a zuciyata na riga na yanke cewa tsohuwa ta gama da wannan babin. To shi ne nake tambaya, akwai wanda ya taɓa zuwa irin wannan horon, kuma kuna ganin yana canza mutum ko kwana biyu ne a koma gidan jiya?

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya jiƙanta. Tanti kin sa ni hawaye, kuma ba ke kaɗai ba ce, dukanmu mun yi irinta ba mu dai faɗa ne.

Ɗan Marwa: Wa alaikumussalam Hajiya. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne amma ina jin labarin irin waɗannan tarurrukan kuma gsky hankalina bai kwanta da su ba. An ce asalinsu daga Amurka ne kuma har finafinan batsa ake nuna wa mutane wai don kunya ta fita daga idonsu. In haka ne to ai ba horo ba ne, wanke ƙwaƙwalwa ne. Yau a ce ka daina ƙyamar wannan gobe a ce ka daina ƙyamar wancan, jibi sai ka wayi gari ba abin da kake gani haramun.

Dokta Njamena: Ɗan Marwa abin da ka ji akwai gaskiya a ciki, bari in faɗi yadda yake don kar a yi ta jita-jita. Wanda kake nufi ana ce masa SAR, ma'anarsa mutum ya sake auna halinsa da tunaninsa game da jima'i. A birnin San Faransisko aka fara shi ƙarshen shekarun 1960, kuma abin mamaki ƙarƙashin wata majami'ar Metodis ne mai suna Glide, wani fasto Ted McIlvenna na cikin waɗanda suka kafa shi. Eh suna nuna finafinai na tsiraici, wani lokaci da yawa a bango lokaci ɗaya, daga nan a raba mutane ƙananan rukuni kowa ya faɗi me ya ji, me ya ba shi haushi, me ya ba shi tsoro. Farkon shekarun 1970 makarantar likitanci ta jami'ar Minesota ta ɗauke shi tana yi wa ɗalibanta, har suka yi na musamman kan masu naƙasa irin wanda lakarsa ta taɓu. Yanzu ƙungiyar AASECT ta masu koyarwa da ba da shawara kan jima'i a Amurka ba ta ba ka takardar shaida sai ka yi shi. Wannan nasu ke nan. Amma wanda Hajiya ta kwatanta na tsallaka layi wani reshe ne daban, na fayyace abin da mutum ya yarda da shi, ƙungiyar Ipas ta yaɗa shi sosai a ƙasashen Afirka, babu fim a ciki, magana ce da tsayuwa a kusurwa huɗu na ɗaki, na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam.

Ungozomar Yelwa: Haka ne Dokta mun yi na kusurwa huɗun ma. Ba a nuna mana komai ba Ɗan Marwa, da an nuna wlh da ni zan fara ɗaukar jakata.

Ɗan Marwa: To ita Ipas ɗin ba aikinta zancen zubar da ciki ba ne? Kun ga inda nake zuwa ke nan.

Dokta Njamena: Shi ne aikinta, ba zan ɓoye maka ba, kuma don wannan suka tsara nasu. Amma kayan aikin kamar wuƙa ne, wanda ya riƙe shi ne magana. Ni na ga wanda aka yi shi da kyau na ga wanda aka yi shi ba daɗi, mai horarwa ta zo da amsarta a aljihu duk wanda ya tsaya a kusurwar ban yarda ba sai a yi ta kallonsa kamar ɗan ƙauye har ya ji kunya ya koma ɗaya kusurwar. Wannan ba duba kai ba ne, tilas ce aka sa mata riga. Na kirkin ba ya ce maka ka bar addininka, tambayarka yake in wanda ke aikata abin da ba ka yarda da shi ba ya zauna gabanka da ciwo me fuskarka take yi, me bakinka yake yi, kuma yana fita da magani ko yana fita da wa'azi kawai.

Malam na Kusiri: Assalamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama. Maganar fim ba sai an ja ta ba, kallon al'aurar wani ba da lalura ba haramun ne, kuma cire ƙyama ba lalura ba ce irin ta likita da ke duba mara lafiya. Wannan na ajiye shi gefe. Amma ina so in ja hankalin ɗana na Marwa, kunyar da muke taƙama da ita a wannan babin ba duka ce ta addini ba, da yawanta tamu ce ta gida. Ummu Sulaim ta zo gaban Manzon Allah tsira da aminci su tabbata a gare shi ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, shin mace za ta yi wanka in ta yi mafarki, ya kuma amsa mata bai kore ta ba. Nana A'isha ta yabi matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu a makarantar zaure muna biya masa Ahalari ya ji maniyyi da maziyyi da haila da janaba da sunansu, ba wanda ya ce an lalata shi. To ya aka yi ya girma ya zama infirmiye, ma'aikacin jinya, ya kasa tambayar mutum abin da ke damunsa a gabansa? Ita baiwar Allah da ta rasu halal ɗinta take ciki, aurenta take yi, ba wani malami da zai ce mace ta kai shekarun da haƙƙinta na shimfiɗa ya faɗi. Abin da ya sa aka yi mata dariya al'ada ce ba Musulunci ba. Allah ya gafarta mata ya yafe wa 'yarmu.

Ungozomar Yelwa: Amin Allah gafarta Malam, na gode.

'Yar Mokolo: Ni bari in faɗi nawa ta ɓangaren majinyata tunda yawancinku ma'aikata ne. Shan inna ya taɓa min ƙafa tun ina ƙarama da sanda nake tafiya. Da na samu cikin fari na je awo da mijina, ya tsaya waje wajen mashin ɗinsa, matar da ke awon ta kalli cikina ta kalli sandata ta riƙe baki ta ce wayyo wane mara imani ne ya yi miki haka. Wlh tausayi take ji ba mugunta ba ce, har idonta ya kawo ruwa. Na ce mata mijina ne da sadaki da shaidu gashi can waje ki leƙa. Abin ya fi zagi ciwo don a ganinta ba yadda za a yi namiji ya so ni da kansa sai dai a yi min fin ƙarfi. 'Ya'yana uku yanzu kuma duk lokacin da na je sai an ce min ki huta haka mana ke da kike fama da kanki, amma wadda ke gabana a layi mai bakwai ba a ce mata komai ba. In akwai horon da zai sa su ji yadda maganarsu take a kunnenmu to a yi musu dan Allah.

Maman Biyu: Kai yaya, wannan tausayin da ke kashe mutum. Ni ma na sha faɗin irin wannan ina ganin kirki nake yi.

Infirmiye Ngaundere: Ni matsalata da duk formasiyon nan ɗaya ce kuma ba wanda ke son a faɗe ta, da faransanci ake yin su. A otel cikin sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, kowa zaki ne, za ka ji mutum yana kiran sunan kowane sashe na jiki da faransanci ko ƙiftawa ba ya yi don kalmar ba ta da nauyi a bakinsa, ba da ita uwarsa ta rene shi ba. Ranar Litinin ya koma aiki wata mata sa'ar gwaggonsa ta zauna gabansa ba ta jin sai fulatanci ko hausa, to nan ake yinta. Da hausa wace kalma za ka ɗauka? Ta kasuwa zagi ce ba ka isa ka faɗa ba, ta littafi irin su farji da azzakari wasu matan ƙauye ba su saba da ita ba ko kuma su ji kamar wa'azi za ka fara, sai ka koma gaba, ƙasa, wajen, abin, ita ma ta ce wajen ne ke min abu, kai ka ce wane abu ta ce abin dai, ku yi minti goma ba wanda ya san ko ƙaiƙayi ne ko zafi ne ko ruwa ne ko ƙurji. Kalmar sanyi kaɗai ta isa ta haukata mutum, mace ta ce ina da sanyi tana iya nufin farin ruwa, ko ciwon mara, ko rashin sha'awa, ko rashin haihuwa, ko ciwon da miji ya kwaso mata daga waje ba ta son ta faɗa. Ga Fulani kuma semteende, wato kunyarsu, ta fi tamu ƙarfi, bafulatana za ta iya zama da ciwo shekara ba ta buɗe baki ba musamman in namiji ne gabanta ko in uwar mijinta ta rako ta tana zaune a kan benci tana ji. Ni a ganina in za a duba son zuciyarmu a duba shi da harshen da muke jin kunya da shi, a sa ni in tambayi abokin aikina da fulatanci yaushe rabonka da iyalinka a ga yadda zufa za ta keto min, nan ne gaskiyata take ba a faransanci ba.

Ungozomar Yelwa: Wlh ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Rana ta biyu wata cikinmu ta ce a gwada wasan kwaikwayon da fulatanci, ɗakin nan ya kaure da dariya an kasa, manyan mata masu shekara ashirin a ɗakin haihuwa suna rufe fuska da mayafi. Mai horarwar 'yar kudu ce ba ta ji me ake cewa ba amma ta ce to ga aikin nan kun gano shi da kanku.

Dokta Njamena: A nan ma haka yake da larabcin Cadi, kalmar aibi ta rufe komai. Akwai wani tsari mai sauƙi da wani masanin halayyar ɗan adam Jack Annon ya fitar a 1976, hawa huɗu ne, na farko kawai ka ba mutum izinin magana, ka nuna masa wannan zancen ana yinsa a ɗakin nan, na biyu ɗan bayani daidai da tambayarsa, na uku shawara takamaimai, na huɗu ka tura shi ga gwani. Yawancin mutane a hawa na ɗaya da na biyu matsalarsu ke ƙarewa. Misali macen da haila ta ɗauke mata tana jin zafi wajen saduwa, sau da yawa bushewa ce don sinadarin mata ya ragu a jiki, bayani ne na minti biyu da man shafawa na famasi, amma dole ka duba ta tukuna ka tabbatar ba wani abu ba ne. Hawa na farkon ne muke faɗuwa kuma ba kuɗi yake ci ba.

Mai Kilando: Ku yi haƙuri in sa baki duk da ba sa'anninku ba ne a karatu. Kuna ta zancen mata, maza fa? Namiji ya je lopital, wato asibiti, ya ce ƙarfinsa ya ragu sai infirmiye namiji ɗan'uwansa ya bushe da dariya ya ce ƙara aure ko ka sha zuma, kafin ka kai gida labari ya riga ka tashar mashin don duk unguwa ɗaya muke. Shi ya sa yaranmu ke zuwa wajen mai tebur a bakin kasuwa ya ba su ƙwaya ba tambaya ba dariya, wasu tramol suke sha wai don su daɗe, daga nan ya kama su ba su iya aiki sai da shi.

Dokta Njamena: Kuma abin takaicin raunin gaba sau da yawa shi ne sallamar farko da ciwon suga ko hawan jini ke yi wa namiji, don jijiyoyin jinin wurin ƙanana ne su ke fara nunawa. Wanda ya yi masa dariya ya kore shi daga gwajin suga ne bai sani ba.

Hajiya Mai Kayan Mata: Toh ni ma a bar ni in yi tawa, tunda an ce duba son zuciya to a duba duka. Ku 'yan boko kuna da naku son zuciyar a kanmu. Mace ta ce muku ta yi matsi ko ta sha tsumi sai ku hau ta da faɗa jahila ƙazama, gobe ba za ta sake faɗa muku me ta sa ba ko da shi ke cinye ta. Ni matan nan abin da suke faɗa min a ɗakina ko mazansu ba su sani ba, don ni ba na yatsina fuska. Ban ce duk kayanmu lafiya ba ne, akwai masu haɗa abin da ni kaina ba zan sa a jikina ba, na sha korar mace na ce wannan warin ba na tsumi ba ne tafi lopital. Amma an taɓa kiranmu formasiyo? Ko wanzamai da har yanzu wasu ke yankan gishiri a ƙauye mace ta ƙare da yoyon fitsari, wa ya zauna da su ba da ɗan sanda a bayansa ba?

Infirmiye Ngaundere: Hajiya kin yi gaskiya rabi. Ɗaya rabin kuma matan da nake gani da ƙuna a gaba saboda alimun da kanwa, ba zan iya yi musu murmushi in ce ci gaba ba.

Hajiya Mai Kayan Mata: Wa ya ce ka ce ci gaba ɗana? Ka ce daina amma kar ka ce jahila.

Ɗan Marwa: Na ji bayanin Malam kuma na karɓa, na tsohuwa da na 'yar'uwarmu ta Mokolo ba musu a ciki. Amma ku amsa min wannan kar a kewaye, yarinya 'yar shekara 16 ba aure ta zo ta ce a yi mata allurar wata uku ta hana ɗaukar ciki, ko wanda ke neman maza ya zo, wanda dokar Kamaru ma sashe na 347-1 ta hana, horon nan me ya ce ku yi?

Ungozomar Yelwa: Ƙanena ba zan yi maka ƙarya ba a kan yarinyar mun rabu biyu a ɗakin kuma har aka tashi ba mu haɗu ba, ni a kusurwar ban yarda ba na tsaya kuma ba wanda ya ja ni. Abin da wata ta tambaye ni ne ya tsaya min a wuya, ta ce in 'yar 16 ɗin ce aka aurar ta zo da ciki kina mata faɗa? Na ce a'a. Ta ce to dokar Kamaru ta 2016 ai ta hana aurar da wadda ba ta kai 18 ba, ke dai ba doka kike bi ba kuma ba shekarun ke damunki ba. Na rasa amsa. Har yanzu ina ganin sai na yi mata nasiha, abin da ya canza shi ne zan rufe ƙofa tukuna in ji waye, don wani lokacin in ka bi zancen sai ka tarar ba saurayi ba ne, babban mutum ne a cikin gidan, kuma da tsawa na fara da ba zan taɓa ji ba. Shi ɗayan mai neman maza kuma ni ba alƙali ba ce ba kwamisariya, ofishin 'yan sanda, nake aiki ba, in ya zo da ciwo a duba shi a yi masa gwajin sida, wato ƙanjamau, maganin kyauta ne tun 2007, in an kore shi ciwon ba ya tsaya a kansa shi kaɗai, wataƙila yana da mata a gida ita ce za ta zo min awo gobe.

Malam na Kusiri: Yi wa mai saɓo magani ba yarda da saɓonsa ba ne, kuma tona asirinsa wani zunubin ne daban. Nasiha kuma a keɓe ake yinta ba a gaban layi ba. In za a sake irin wannan zama a kira malamai biyu ko uku su zauna ciki, ba don buɗe taro da addu'a su tafi ba kamar yadda ake mana. Sharaɗina dai ba fim.

Ɗan Marwa: Allah gafarta Malam ni dai har yanzu ina da ja a kan allurar.

Maman Biyu: Tanti tambayarki ta farko fa ba wanda ya amsa, yana canza mutum ko a'a. Ni na yi irinsa shekara uku da suka wuce, wata biyu na yi ina lallaɓa kowa, sai aka bar ni ni kaɗai da mata hamsin a layi ba labule a ɗakin, ƙofa ba ta rufuwa, na koma tsawata ta da. Abu ɗaya ne ya zauna min, yanzu in tsakin ya fito ina jin sa a kunnena, da can ba na ji.

Ungozomar Yelwa: Labulen nan ni ma da kuɗina na sayo yadi huɗu na rataya jiya. Infirmiye dan Allah kalmomin fulatancin da kake amfani da su waɗanda tsofaffi ba sa jin nauyinsu ka rubuto mana su nan, Dokta kai ma na larabcin saboda matan da ke zuwar mana daga Kusiri. Ni ina da gardi, aikin dare, yau, an ce mata biyu na naƙuda tun la'asar, sai na leƙo da safe.

Infirmiye Ngaundere: To Tanti, amma ta murya zan turo, in na rubuta su ƙanwata na cikin gurup ɗin nan.